Wuƙar Dimashƙa: Ƙirarta da Amfaninta a Girki

Wuƙar Dimashƙa ita ce wadda ake ƙerawa da ƙarfe iri biyu ko fiye. Akan jera su hawa-hawa, a zuga musu wuta, a yi ta duka da guduma har su haɗe. Kowane ninki yana ruɓanya hawan: hawa 8 da aka ninke sau 5 yakan zama 256. Idan aka tsoma ta a ruwan asid, sai zane mai kama da igiyar ruwa ya bayyana. Garin Seki na Japan ya shahara da irinta.

Wasu maƙeran kuwa ƙarfe guda suke sarrafawa, kamar tsohon sifirin mota. Wannan bai rage wa wuƙarsu daraja ba, domin kaifi daga ingancin ƙarfen baki yake, da yadda aka ƙona shi aka tsoma a ruwa ko mai. Akwai ma jabu da aka zana wa adon a sama kawai.

Ta dace da yankan albasa, kuɓewa da tsokar nama. Sarar ƙashi kan ɓantare bakinta, barinta da danshi kuma kan jawo tsatsa.