Hoton Ƙoda Ga Masu Ciwon Jijiyoyin Jini: Abin Da Yake Nunawa

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa yana bi ta cikin ƙoda, inda ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya a kowace ƙoda ke tace shi. Saboda haka duk cutar da ta taɓa jijiyoyin jini, kamar hawan jini da ciwon sukari da amosanin jini, takan kai ga ƙoda. Domin gane girman ɓarnar ne likita ke tura majiyyaci a ɗauki hotonsa.

Hoton farko shi ne sikanin, wanda ke aiki da sauti kuma ba ya cutarwa. Tsawon ƙodar baligi yakan kai santimita 9 zuwa 12. Idan duka biyun sun ƙanƙance, alama ce ta ciwon da ya daɗe yana cin su. Idan ɗaya ta gaza 'yar uwarta da fiye da santimita 1.5, akan zargi ƙuntatar jijiyar da ke kai mata jini, sai a auna gudun jinin da sikanin Doppler. Sanin haka na da muhimmanci, domin wasu magungunan hawan jini na iya durƙusar da ƙoda idan jijiyoyin biyu duka sun ƙuntata.

Hoton CT da na MRI sun fi fito da jijiya sarai, amma ruwan da ake zuba wa majiyyaci ta jijiya kafin ɗaukarsu na iya yi wa mai raunanniyar ƙoda illa. Shi ya sa ake fara gwada jininsa.

Sai dai hoto yakan makara. Ƙoda na iya fara lalacewa alhali surarta a sikanin ba ta sauya ba. Gwajin fitsari da na jini ne ke fara tona ta. Manomin Dambatta ko Bichi ko Makoɗa mai hawan jini, wanda ke yini a gona cikin rana, ya dawo ya sha diclofenac saboda ciwon jiki, ya fi buƙatar waɗannan gwaje-gwaje aƙalla sau ɗaya a shekara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana wankin ƙoda, ya kuma fara dashenta tun 2002, amma kuɗin hakan ya fi ƙarfin rumbun yawancin gidaje.