Tsohuwar Masar: Fir'aunoni, addininsu da rayuwar mutanensu

Yawancin Hausawa a makarantar allo ko wajen tafsiri suka fara jin sunan Fir'auna, cikin ƙissar Annabi Musa (AS), shi ya sa wasu ke zaton sunan mutum guda ne. Laƙabin sarauta ne. Asalinsa "per-aa", wato babban gida, kuma da farko fadar ake nufi, kamar yadda akan ce "fada ta yi umarni". Sai a zamanin Sabuwar Daula, wadda ta soma wajen shekara ta 1550 kamin haihuwar Annabi Isa (AS), aka fara kiran sarkin kansa da wannan suna. Sarakunan suna da yawa ƙwarai: tun daga Narmer, wanda ake dangantawa da haɗe kudanci da arewacin ƙasar wajen 3100 kamin Miladiyya, har zuwa mutuwar sarauniya Kiliyopatara a shekara ta 30 kamin Miladiyya, lokacin da Rumawa suka karɓe ƙasar. Wani masanin Masar mai suna Maneto ya kasa su gidajen sarauta 30, kuma da lissafinsa ake aiki har yau.

Kogi da rumbu

Ruwan sama kaɗan ne a Masar. Abin da ya rayar da ita shi ne damanar da ke sauka can nesa bisa tsaunukan Habasha, wadda ke sa kogin Nilu ya cika ya batse a kowace shekara. In ruwa ya janye sai ya bar baƙar laka a gonaki, a shuka alkama da sha'ir. Saboda wannan laka suka kira ƙasarsu Kemet, baƙar ƙasa, hamadar da ke kewaye kuma Deshret, jar ƙasa. Shekararsu kwana 365 ce: wata 12 mai kwana 30 kowane, da ƙarin kwana 5. Sun raba ta uku, lokacin ambaliya, na shuka da na girbi. Wannan ambaliya ta daina zuwa bayan kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970.

Ƙarfin Fir'auna a rumbu yake. Tsawon mafi yawan tarihin ƙasar babu kuɗin ƙarfe. Da hatsi ake biyan haraji, da hatsi, burodi da giya ake biyan ma'aikata. A Tsohuwar Daula kuma akan ƙidaya shanun ƙasar, yawanci bayan kowace shekara 2, don a yanka haraji, har ma da wannan ƙidaya ake lissafin shekarun mulkin sarki. Makiyayin da ya san jangali ba zai ji baƙon abu a nan ba, kuma shanun da aka zana a bangon kaburburansu, masu dogayen ƙaho, suna tuna wa mai kallo jajayen shanun Bororo da ke shigowa kasuwar Dakoro.

In rumbu ya gaza, talaka kan yi magana. A shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na III, masu haƙa kaburburan sarakuna a ƙauyen da yanzu ake kira Deir el-Medina sun ajiye kayan aiki suka je suka zauna a haraban ɗakunan bauta, saboda hatsin albashinsu ya makara. Shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce.

Sarakunan da suka fi suna

Joser ne ya gina dalar dutse ta farko a Saƙƙara wajen 2650 kamin Miladiyya, kuma ana danganta tsarinta da wazirinsa Imhotep. Babbar dalar Giza ta sarki Kufu ce; tsawonta na asali ya kai mita 146, da duwatsu kimanin miliyan 2 da dubu 300. A 2013 aka gano a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, inda ya rubuta yadda ƙungiyarsa ke ɗauko farin dutse daga Tura a jirgin ruwa zuwa Giza. An kuma tono garin ma'aikatan, da wuraren gashin burodinsu da kaburburansu.

Hatshefsut mace ce da ta yi sarauta wajen shekara 20, ta aika jiragen fatauci ƙasar Punt don sayo turare, kuma a gumakanta akan sa mata gemun sarauta irin na maza. Akenaton ya yi ƙoƙarin kawar da bautar sauran gumaka ya bar ta Aton, faifan rana, amma bayan mutuwarsa aka koma gidan jiya. Tutankamun ya mutu yana ɗan shekara 18 ko 19 bai yi wani abin a zo a gani ba. Sunansa ya fito ne don Howard Carter ya samu kabarinsa a 1922 da dukiyarsa kusan cif. Ramsis na II ya yi shekara 66 a kan gado, ya gwabza da Hittiyawa a Kadesh, daga baya suka rubuta yarjejeniyar sulhu. A 1976 aka kai gawarsa birnin Paris don a magance funfunar da ke cinta. Akwai kuma lokacin da sarakunan Kush, daga ƙasar Sudan ta yau, irin su Piye da Taharka, suka mulki Masar kusan ƙarni guda: su ne gida na 25.

Addini da kanwa

Mutanen Masar na wancan zamani gumaka da yawa suke bauta wa: Ra na rana, Amun na birnin Tebes, Osiris mai mulkin matattu, matarsa Isis, ɗansu Horus mai kan shaho, Hator mai siffar saniya, da Anubis mai kan dila. Sarki a wurinsu shi ne Horus a doron ƙasa, kuma babban aikinsa tsare abin da suke kira Ma'at, wato gaskiya, adalci da daidaiton duniya. Sun yi imani cewa bayan mutuwa za a aza zuciyar mutum a ma'auni, a ɗaya gefen a sa gashin jimina, alamar Ma'at, gaban alƙalai 42. Wanda zuciyarsa ta yi nauyi, wata dabba mai kan kada ta haɗiye ta.

Tun da sun ɗauka kurwa na bukatar gangar jiki ta dawo gare ta, sai suka ƙware wajen adana gawa. Aikin kan ɗauki kwana 70. Ana fitar da kayan ciki a zuba a tuluna 4, a bar zuciya a wurinta, sannan a rufe gawar da wani gishiri na kimanin kwana 40 har ta bushe, a shafe ta da mai da ƙaro, a naɗe da ƙyallen lilin. Wannan gishiri dangin kanwa ne, irin wadda ake sa wa wake ko a ba dabbobi su lasa. Su daga kwarin Wadi Natrun suke ɗebo tasu, kamar yadda ta Nijar ke fitowa daga Manga da Kawar. Wannan hidima ta masu hali ce. Talaka rami ake haƙa masa a rairayi, zafin yashi ya busar da shi.

Rubutu

Rubutunsu na zane-zane ya bayyana wajen 3200 kamin Miladiyya, kuma na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Filae a shekara ta 394 Miladiyya. Daga nan aka manta karatunsa. A 1799 sojojin Faransa suka tsinci dutsen Rashid, wanda Turawa ke kira Rosette, mai ɗauke da sanarwa guda cikin rubutu iri 3, har da Girkanci. Da taimakonsa da kuma harshen Kibɗawa, Champollion ya warware rubutun a 1822. Dutsen yana Landan tun 1802, kuma Masar na neman a maido mata da shi.

Masar da ƙasar Hausa

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ruwaito a littafinsa Infaƙul Maisur cewa asalin Gobirawa Kibɗawan Masar ne, kuma har yau ana jin wannan magana a Tibiri da kewaye. Abin da masana tarihi suka fi tabbatarwa shi ne zaman Gobirawa a Azbin da gangarowarsu kudu, inda Birnin Lalle, cikin gundumar Dakoro, ya zama ɗaya daga cikin biranen sarautarsu. Danganta asali da gabas abu ne sananne a gidajen sarauta da dama, kamar labarin Bayajida da Bagadaza.

Dangantakar da ke da hujja mai ƙarfi a harshe take. Masana sun sa Hausa, tsohon harshen Masar, Larabci da Tamashek a babban gida guda, wanda ya rarrabu dubban shekaru kamin a gina dalar farko. Tsohon Bamisire na rubuta mutuwa da baƙaƙen m-w-t, Bahaushe ya ce mutu, Balarabe ya ce maut. Lambar 4 kuwa a rubutunsu f-d-w ce, wadda a Hausa ake ce wa huɗu ko fuɗu.