Daga Urwatu zuwa Ibnu Hisham: Yadda Aka Tattara Sirar Manzon Allah (SAW)

Ɗalibin da ya buɗe ƙaramin littafin sira a makarantar Islamiyya, irin Khulasatu Nuril Yaƙin, yakan tarar da labari a jere tsaf: haihuwa a shekarar giwa, shayarwa a wurin Halimatus Sa'adiyya, saukar wahayi a kogon Hira, hijira zuwa Madina, yaƙe-yaƙe, sai wafati a shekara ta 11 bayan hijira. Kyawun wannan jeri yakan sa ya zaci cewa haka labarin ya zo a dunƙule tun daga sahabbai, kuma kowace gaɓa tasa daidai take da 'yar'uwarta wajen inganci. Alhali kuwa sai da aka shafe kusan shekara 200 ana tarawa da tacewa kafin sira ta ɗauki wannan siffa.

Masu binciken farko 'ya'yan sahabbai ne a Madina, kuma sunan da suka fi kiran fannin da shi shi ne magazi, wato labaran yaƙe-yaƙe, ko da yake sun taɓo har da zaman Makka. Fitacce a cikinsu shi ne Urwatu ɗan Zubairu, wanda ya rasu wajen shekara ta 94. Mahaifiyarsa Asma'u 'yar Abubakar ce, saboda haka ɗakin Nana A'isha a buɗe yake gare shi. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan yakan aiko masa da tambayoyi daga Sham, shi kuma ya amsa a rubuce, a kan hijira da Badar da buɗe Makka. Ɗabari ya adana sassan waɗannan wasiƙu a Tarihinsa, kuma suna daga mafi daɗewar rubutun sira da ya iso hannun malamai.

Almajirin Urwatu, Ibnu Shihab Zuhri (ya rasu a 124), ya shahara da wata dabara da ta taimaki mai karatu amma ta wahalar da mai tantancewa. Yakan karɓi labari ɗaya daga malamai da yawa, ya sassaƙa shi ya zama zance guda. Hadisin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, wanda ke cikin Sahihul Bukhari, ta wannan hanya ya zo: daga Urwatu da Sa'idu ɗan Musayyib da Alƙama ɗan Waƙƙas da Ubaidullahi ɗan Abdullahi. A hannun Zuhri babu damuwa, domin duk huɗun amintattu ne. Damuwar tana tasowa ne idan wani ya cakuɗa amintacce da mai rauni.

Wanda ya fara gina cikakken tarihi daga waɗannan guntaye shi ne Muhammadu ɗan Is'haƙ, haifaffen Madina wajen shekara ta 85. Kakansa Yasar yana cikin waɗanda aka kamo a Ainut Tamri ta Iraƙi zamanin halifancin Abubakar. Littafinsa kashi uku ne: Mubtada, daga farkon halitta da annabawan da suka gabata, Mab'as, zaman Makka da aiko Annabi (SAW), sai Magazi, zaman Madina. Bai ji daɗin zama a garinsu ba. Imam Malik ya soke shi, musamman a kan karɓar labaran Khaibara da makamantansu daga zuriyar Yahudawa, kuma ya fi yabon Magazin Musa ɗan Uƙba. Hishamu ɗan Urwatu ma ya musanta cewa Ibnu Is'haƙ ya ji hadisi daga matarsa Faɗima 'yar Munzir. A ɗaya ɓangaren, Shu'uba ɗan Hajjaj ya yabe shi matuƙa. Daga baya ya koma Iraƙi ƙarƙashin Halifa Mansur, ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 150. Hukuncin da malaman baya suka tsaya a kai shi ne adalci: jagora ne a magazi, mai gaskiya ne, sai dai yakan ɓoye wanda ya ji daga gare shi, don haka ba a kafa halal da haram da abin da ya kaɗaita da shi sai ya bayyana cewa ya ji da kunnensa.

Ainihin littafin Ibnu Is'haƙ bai iso a cike ba. Abin da ake kira Siratu Ibni Hisham gyaran Abdulmalik ɗan Hisham ne, masanin nahawu da nasaba, wanda ya zauna a Masar ya rasu wajen shekara ta 218. Ya karɓi littafin daga Ziyad Bakka'i, almajirin Ibnu Is'haƙ na Kufa, kuma bai ɓoye abin da ya yi masa ba. A gabatarwarsa ya faɗa cewa zai fara daga Annabi Isma'ila, zai zubar da abin da bai shafi Manzon Allah (SAW) ba, da waƙoƙin da masana waƙa ba su sani ba, da abin da ambatonsa ke da muni ko zai ɓata wa wasu rai, da abin da Bakka'i bai tabbatar masa ba. Batun waƙoƙin kuwa da dalili, domin Ibnu Sallam Jumahi ya zargi Ibnu Is'haƙ da kawo baitocin da aka jingina har ga Adawa da Samudawa.

Ana gane girman wannan tacewa idan aka kwatanta da wasu riwayoyin littafin, kamar ta Salama ɗan Fadli da Ɗabari ya yi amfani da ita, ko guntun riwayar Yunusa ɗan Bukair da aka samu a ɗakin littattafan Ƙarawiyyin na Fas. Ƙissar garaniƙ, wadda marubutan Turai suka daɗe suna kafa hujja da ita, tana cikin Ɗabari amma babu ita a Ibnu Hisham. Alƙali Iyadu ya yi mata raddi ta fuskar isnadi da ma'ana a cikin Ashafa, littafin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa duk watan azumi.

Ko a abubuwan da kowane yaro ya haddace, darajojin sun bambanta. Haihuwarsa (SAW) ran Litinin ta tabbata a Sahihu Muslim daga bakinsa. Ranar 12 ga Rabi'ul Awwal kuwa zancen Ibnu Is'haƙ ne, wasu sun ce 2, wasu 8, yayin da masanin falaki na Masar, Mahmud Basha, ya lissafo 9, kuma a kan haka Mubarakfuri ya tafi a Rahiƙul Makhtum. Ɓuyan kogon Sauru yana cikin Alƙur'ani da Bukhari da Muslim. Saƙar gizo-gizo a bakin kogon ta zo ne a Musnadin Ahmad da isnadin da malamai suka yi saɓani a kansa, labarin kurciyoyin da suka sauka a bakin kogon kuma ya fi wannan rauni.