Wa Zai Tsaya wa Baƙo?

Ɗan Kano da ya kammala digiri a Birtaniya yau lissafin watanni yake yi. Tun Yulin 2021 ake ba shi shekara 2 ya zauna ya nemi aiki, damar da aka taɓa sokewa ɗungurungum a 2012. A Amurka wata 12 ne, da ƙarin 24 ga masu kimiyya da fasaha.

Tambayar da ke ƙarƙashin waɗannan dokoki tsohuwa ce a cikin ganuwa: wa zai tsaya wa baƙon da ilimi ya kawo? Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), kuma nan take aka raba musu aiki. Zaite ya zama alƙali, Gurdamus liman, Lawal ladan, Auta kuwa aka ba shi yankan dabbobi. Har yau Zaitawa da Mandawari na ɗauke da sunayen waɗannan baƙi.

Su malamai ne, fada ta karɓe su. Ɗalibi kuwa, daga Borno ya fito ko Agadas, zauren malami yake sauka. Malamin ne mai masaukinsa, shi zai amsa in mai unguwa ya tambaya. Ɗalibin na ɗinkin hula tsakanin darasi da darasi, in ya sami ijaza ya buɗe nasa zauren, sau da yawa ma ya auri 'yar gidan. Ba wanda ya ƙidaya masa watanni.

Sai dai kada daɗin labari ya ɗebe mu. Zaman da ba takarda ta ba da shi ba, a hannun sarki yake. Muhammadu Marwa, mutumin Kamaru da ya zauna Kano yana karantarwa, Sarki Muhammadu Sanusi ya kore shi a farkon shekarun 1960. Ya dawo, kuma rikicin Maitatsine na Disamban 1980 ya ci rayuka sama da 4,000. Daga nan aka fara yi wa baƙon almajiri kallon tuhuma. A Janairun 1983, ga kuɗin mai ya karye, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice.

Yau ɗan Chadi ko Kamaru da ya gama Jami'ar Bayero sai ya sami kamfanin da gwamnati ta ware wa gurbin ɗaukar baƙi kafin ya yi aiki bisa doka, domin ƙasarsa ba ta cikin ECOWAS. Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.