Ɓarayi da Bulala a Mishan ɗin Bilantaya, 1876 zuwa 1881

Birnin Bilantaya, wanda a yau shi ne cibiyar ciniki ta ƙasar Malawi, asalinsa wani ɗan ƙaramin zango ne na Turawan mishan. A cikin watan Oktoba na shekarar 1876 Majami'ar Sikotilan ta kafa shi a kan tuddan da ke gabas da kogin Shire, a ƙasar wani sarkin ƙabilar Yawo mai suna Kapeni. Suka ba wurin sunan garin da aka haifi David Livingstone, wanda ya rasu shekara uku kafin wannan. Cikin shekara biyar na farko wannan zango ya shiga wani abin kunya wanda ya kusa tashinsa ɗungum, mafarin abin kuwa sata ce, da tsoron da sata ke haifarwa.

Wajibi ne a fara duban nisan wurin. Duk abin da Turawan nan za su yi amfani da shi sai an ɗauko shi daga bakin teku wajen Kelimane, a bi da shi ta kogin Zambezi, a shiga Shire, sa'an nan 'yan alaro su ɗauka a ka su hau tudu da shi. Wasiƙa kan yi watanni kafin ta isa Edinbara, amsarta ma haka. Kuɗin ƙasar a lokacin akoko ne da duwatsun ado. Da su ake sayen hatsi, da su ake biyan ma'aikata. Saboda haka ɗakin ajiyar mishan shi ne baitulmalinsu, wanda ya fasa shi kuwa ya taɓa abincin kowa. Ga shi babu ɗan doka, babu alƙali, babu wata gwamnatin Turai da ke da iko a wurin. Daɗin daɗawa, kusan shekara biyu zangon ya yi babu limamin majami'a, sai likita da masu sana'ar hannu, irin su John Buchanan mai aikin lambu da George Fenwick. Limamin farko, Duff Macdonald, sai a 1878 ya iso, yana saurayi bai kai shekara talatin ba, kuma zuciyarsa ta fi karkata ga koyon harshen Yawo da koyar da yara bisa ga sha'anin mulki.

Ƙasar da suka sauka ba ta zaune lafiya. Sarakunan Yawo suna da bindigogi, suna cinikin haure da bayi da fataken bakin teku. A kwarin Shire akwai Makololo, watau tsofaffin 'yan rakiyar Livingstone waɗanda suka zauna suka zama sarakuna a kan Manganja. Daga yamma kuma ga Angoni masu kawo hari. Mutanen Bilantaya ba su manta da abin da ya sami mishan ɗin Magomero ba, wanda aka kafa a 1861 a wannan yanki, ya tsoma kansa cikin yaƙi da Yawo, shugabansa Bishof Mackenzie ya mutu da zazzaɓi a farkon 1862, aikin ya watse. Wanda ya kwana da wannan labari a ransa, in ya ji motsi da dare kusa da ɗakin ajiya, ba ɓarawo ɗaya yake gani ba, rundunar mayaƙa yake gani.

To, amma akwai wata fuska ta maganar wadda Turawan suka daɗe ba su gane ba. Tun da wuri suka fara karɓar bayi masu gudu daga iyayengijinsu, suna ba su wurin zama da gona, har aka sami ƙauyuka a ƙarƙashin mishan. A wurin Turawan wannan aikin jinƙai ne, kuma babu mai musun cewa bawan da ya tsere wa sarƙar fatake ya sami babban rabo. A wurin sarkin Yawo kuwa, baƙon da ya ba masauki ya koma yana ɓoye masa dukiya. Bisa ga al'adar ƙasar, wanda aka riƙe wa haƙƙi yana iya kama kayan wanda ya riƙe, ko mutanensa, har sai an zauna an daidaita. Ashe ke nan wani sashe na abin da littattafan mishan suka rubuta da sunan fashi, a idon masu yinsa ramuwa ce. Kowane ɓangare yana kallon ɗayan a matsayin ɓarawo. Wannan ba ya nufin babu ɓarayi na sosai. Akwai su, kamar yadda ake samu ko'ina aka tara kaya a tsakiyar masu bukata. Sai dai Turawan ba su da harshe ko sanin al'adar da za su rarrabe wannan da wancan.

Kwamitin da ke lura da aikin daga Edinbara ya ɗauki Bilantaya tamkar wata 'yar ƙaramar ƙasa ta Kirista wadda ya kamata ta hukunta mazaunanta da kanta. Da wannan fahimta masu sana'ar nan suka zama alƙalai. Aka tanadi wurin tsare mutane, aka shiga yi wa waɗanda ake tuhuma da sata bulala, wani lokaci fiye da abin da jikin ɗan Adam zai ɗauka. A cikin shekarar 1879 abin ya kai matuƙa. An harbe wani mutum da aka tuhuma da kashe wata mace, bayan shari'ar da su kansu suka yi, bisa shaidar da ba ta da ƙarfi. An yi wa wani bulala a kan zargin sata har ya mutu. A wannan shekara kuma aka yi musayar wuta tsakanin mutanen mishan da na wani sarkin Yawo da ke maƙwabtaka da su. Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya kawo kwanciyar hankalin da ake nema. Kowace bulala ta ƙara musu abokan gaba, yawan abokan gaba ya ƙara tsoro, tsoro kuma ya sa hannu ya ƙara nauyi.

Wanda ya tona asirin baƙo ne, wani maharbi ɗan Ostireliya mai suna Andrew Chirnside, wanda ya ratsa ƙasar ya ga wasu abubuwa ya kuma ji wasu. A 1880 ya buga ɗan littafi a Landan yana fallasa su. Hankalin majami'ar ya tashi, domin ban da zubar da mutunci, akwai tambayar da lauyoyi suka yi: da wane iko talakan Sarauniya zai yanke wa mutum hukuncin kisa a ƙasar da ba ta Sarauniya ba? Aka aiki mutum biyu, Dokta Rankin da Alexander Pringle, su je su bincika. Sakamakon bincikensu shi ne a 1881 aka janye Macdonald, aka sallami Buchanan da Fenwick. Macdonald ya fi sauran ɗaukar laifin da ba shi kaɗai ya yi ba, kwamitin da ya ɗora su a kan wannan hanya kuwa ya fita da ɗan ƙaramin tabo. Littafin da ya buga a 1882, Africana, har yanzu masana na komawa gare shi don sanin al'adun Yawo.

Wanda ya gaje shi, David Clement Scott, ya iso a 1881 da umarnin a bar hukunta mutane. Ya koyi harshen Manganja sosai, har ya wallafa ƙamusunsa a 1892, ya kuma rungumi hanyar da mutanen ƙasar ke bi wajen warware rigima, wadda suke kira mlandu, watau zaman da ake yi a gaban sarki kowa ya kawo hujjarsa, a yanke diyya. Ya riƙa zuwa garuruwan sarakuna da ƙafarsa. A 1884 ya ziyarci Chikuse sarkin Angoni. Da mayaƙan Angoni suka haye Shire a wannan shekara suka ci tuddan, ba su taɓa mishan ba, jama'a da yawa ma can suka sami mafaka. Ɗakin ajiyar dai shi ne na dā, nisan wurin bai ragu ba, ɓarayi ba su ƙare ba.

Su kuwa waɗanda aka sallama, ba su bar ƙasar ba. Fenwick ya koma farauta da ciniki, a 1884 ya harbe Chipatula, ɗaya daga sarakunan Makololo, a kan rigimar ciniki, mutanen sarkin suka kashe shi. Buchanan ya kafa gonar gahawa a Zomba, daga baya ya zama muƙaddashin ƙaramin jakadan Ingila. Shi ne ke riƙe da wannan muƙami a 1888 sa'ad da wani matashin hafsa ya biyo ta Bilantaya a kan hanyarsa ta zuwa yaƙi da fataken bayi a Karonga, watau Lugga, wanda daga baya ya ci Kano da Sakkwato a 1903. Shi ne kuma a 1889, da sojan Fotugal suka matso ta kwarin Shire, ya yi shelar cewa tuddan suna ƙarƙashin kariyar Ingila. A 1891 aka kafa gwamnatin mulkin mallaka sosai a hannun Harry Johnston, ikon bulala da na kisa ya koma wurinta, Scott da abokan aikinsa kuma suka zama cikin masu yawan sukar yadda take aiki da shi.