Tsaron Jan-baki a Ƙasar Bakolori

Tun kafin madubin hangen nesa ya shiga aljihun masu yawon kallon tsuntsaye, manoman Dakko sun san aikin nan, domin gero da dawa ba sa kaiwa rumbu sai an yi tsaron jan-baki. Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, noman rani ya yalwata a Maradun da Talata Mafara da Bakura, shinkafa ta ba tsuntsu abinci har cikin rani, tsaron ya ƙara tsawo. Wani zai ce kora daban, kallo daban. Ban yarda ba. Yaron da ke kan rumfa da majajjawa dole ya bambance jan-baki da gwara tun daga nesa, ya san lokacin saukarsu da inda suke kwana, in ba haka ba gonar ta tafi.