Rufe Ruwa: Tsohuwar Dokar Masunta da Shaidar da Ta Zo Daga Teku

Ƙasar Kazaure ba ƙasar manyan koguna ba ce. Daga duwatsun Roni har Gwiwa mai maƙwabtaka da Katsina, ruwan da kakanni suka sani na damina ne. Kogi ya kawo, ya malala cikin fadama, kafin bazara ya koma rairayi, sai 'yan gurabe da tafkuna. Saboda haka su a nan sana'a ce mai lokaci, manomi ne ke zama masunci idan ya kai amfanin gona gida. Tarwaɗa takan bi sabon ruwa ta shiga ciyawa ta yi ƙwai, 'ya'yanta su girma a fadama, gaiwa kuwa ta nutse cikin laka ta jira wata damina. A ƙasar Hausa, inda duk aka sami ruwa mai kifi, akan sami mai kula da shi, Sarkin Ruwa ko shugaban masunta, kuma babban aikinsa shi ne faɗin ranar da za a shiga da ranar da za a fita. Gurbi yakan zauna a rufe wata da watanni, sai an yi shela jama'a su taru da homa da gora. Ra'ayina shi ne wannan al'ada ta rufe ruwa ita ce mafi daraja cikin abin da masunta suka gada, kuma mun sake ta a daidai lokacin da masu binciken teku suke kashe maƙudan kuɗi suna gano amfaninta.

Wanda yake son ganin ragowarta ya dubi Argungu. Bikin kamun kifin da aka soma yi a siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya dogara ne a kan hani. Ana tsare kogin Matan Fada kada a yi su a cikinsa kafin ranar biki. 'Yan kallo giwan ruwan da aka ɗora a sikeli suke tafa wa, amma watannin da aka bar ruwan ya huta su ne suka girmar da ita.

Madatsun ruwa ne suka sauya lissafin. A zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, tsohuwar Jihar Kano ta duƙufa ga tare koguna, aka kammala Tiga a 1974, daga baya aka bi da wasu da dama irin su Gari da Tomas da Watari. Kazaure, wadda take cikin Kano har zuwa ƙirƙiro Jigawa a 1991, ita ma ta sami Dam ɗin Muhammadu Ayuba. Alheri ne babba: ruwan sha, noman rani, da kifi rani da damina. Sai dai ruwan da gwamnati ta tara bai zo da mai faɗa a ji irin na gurbin gargajiya ba. A da, ƙafewar kogi ma wata doka ce da ke tilasta wa masunci ya ajiye koma. Da ruwa ya zauna, sai su ma ya zauna. Zaren leda mai arha ya maye gurbin na auduga, kalli ya riƙa kwana a ruwa, idon taru ya yi ta ƙanƙancewa, har a wasu ruwayen Arewa aka kai ga jan gidan sauro. Magimfa da wasu ke daka wa kifi tun da can ta sami magajin da ya fi ta mugunta, wato maganin ƙwari irin Gammalin 20. Dokar tarayya ta 1992 kan su a ruwayen cikin ƙasa ta haramta guba da nakiya, ta kuma ƙayyade idon raga, amma doka a takarda ba ta tsaron bakin ruwa da asuba.

A nan ne labarin kifin tuna yake da amfani gare mu. Babban nau'insa na Tekun Atlantika, mai shuɗin baya, yakan kai ɗaruruwan kilo, jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, kuma binciken Barbara Block ta Jami'ar Stanford, wadda ta riƙa maƙala masa na'urar bin sawu, ya nuna yana ƙetare tekun daga wannan gaɓa zuwa waccan, sannan ya koma Bahar Rum ko Mashigin Meziko ya yi ƙwai. Tun 1966 aka ƙulla yarjejeniyar kafa hukumar ICCAT don ta kula da shi, amma kwaɗayin kasuwar Japan ya fi ƙarfinta. A 2007 an yarda a kama tan 29,500 a gabashin Atlantika da Bahar Rum, masu bincike kuwa suka ƙiyasta abin da aka kama a zahiri ya kai wajen tan 60,000. Da aka ga kifin na neman ƙarewa, sai aka rage kason zuwa tan 12,900 a 2011, aka hana kama wanda bai kai kilo 30 ba sai a 'yan wurare, aka taƙaita lokacin manyan jiragen taru zuwa kimanin wata guda, aka sa masu sa ido a cikinsu. A 2021 ƙungiyar IUCN ta cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa. A duba matakan da kyau: a bar ƙarami ya girma, a rage kwanakin su, a sa mai tsaro. Babu wanda Sarkin Ruwa zai ji ya zame masa baƙo. Abu ɗaya da suka fi shi da shi shi ne ƙidaya, domin ita ta tona asirin masu satar kamu.

Wani zai ce ina ruwan mai kwale-kwale a Kazaure da kifin da attajiran Tokyo ke ci? Ai teku daban, dam daban. Haka ne, amma bambancin hujja ce a gare mu. Tuna na ratsa ruwan ƙasashe masu yawa, sai an yi shekaru ana jayayya kafin a cimma matsaya. Karfasar dam ba ta zuwa ko'ina, masu kama ta sun san juna, kuma cikin shekara guda takan isa haihuwa, don haka sakamakon hutu zai bayyana da wuri. Batun gurɓata ma haka yake. Tun bayan cutar Minamata da ta ɓulla a Japan a 1956, lokacin da zaibar da wata masana'anta ke zubarwa ta shiga kifi ta nakasa masunta da jariransu, aka fahimci cewa guba tana hawa matakala: ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya ci shi ya tara. Shi ya sa ake samun zaiba mai yawa a tsohon tuna. A 2011 an kama tuna a gaɓar Kalifoniya ɗauke da ɗan burbushin sinadarin da ya tsiyaye daga tashar nukiliya ta Fukushima, bayan ya ƙetare Tekun Fasifik. Idan teku da faɗinta ba ta iya ɓatar da abin da aka zuba mata, ina ga dam? Mutanen Kano sun ga haka a dam ɗin Wasai, inda kogunan Jakara da Getsi ke kai dattin gari da na masana'antun jima na Bompai. Kazaure ba ta da irin waɗannan masana'antu, amma tana da magudanan gari, da leda, da feshin da mai noman rani ke yi a bakin ruwa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na talauci. Mutumin da abincin gidansa na yau ke cikin komarsa, yaya za a ce masa ya dakata wata biyu? Kuma gaskiya ne tsohon tsarin ba tsarkakakke ba ne, an cakuɗa shi da camfi a wasu wurare, an kuma sami shugabannin da suka mai da ruwan jama'a abin sayarwa. Ban ce a dawo da wannan ba. Amma watannin da kifi ke ƙwai su ne na farkon damina, lokacin da yawancin masuntan wannan yanki suke gona, saboda haka asarar ba ta kai yadda ake tsoro ba. Kifin ƙanƙara da ake kawowa daga Legas da tarwaɗar kiwo ba za su cike gurbin ba, domin kuɗi ake fitarwa a saye su, kifin dam kuwa shi ke shigo wa masunci da mai soya da mai banda da kuɗi. An kuma gwada haɗa tsohon iko da sabon ilimi a Tafkin Kainji a shekarun 1990, inda aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya riƙa ƙidaya kwale-kwale da kamu, ya sa sarakunan gargajiya cikin ba da lasisi da hana taru. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa tana nan, kwalejin kimiyya ta Hussaini Adamu tana cikin garin Kazaure, masarauta tana da hakimai da dagatai har bakin kowane ruwa. Abin da ake bukata don farawa bai wuce sikeli da littafi a wurin da ake sauke kifi ba, da gwajin ruwa da naman kifi lokaci-lokaci, sannan masuntan da kansu su zauna da shugabansu su tsai da watannin da za a ɗaga kalli.